Kafin ka sayar da sa ka sayi inji: Darasin kafintocin gida a Isa da Sabon Birni

Akwai wani inji a zauren gidan kawuna a ƙasar Isa wanda shekaru ke nan ban da kaji babu mai hawa kansa. Injin yanka da goge katako ne, irin mai ƙafafun ƙarfe da sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga shi.

Sa guda kawu ya sayar, ya haɗa da kuɗin albasar rani, ya tafi birni ya sayo shi na hannu. Sai da aka sauke shi a ƙofar gida aka gano cewa wuta mai layi uku yake sha. Wutar da ke shiga gidan kuwa, ranar da ta ga dama ta zo, mai layi ɗaya ce. Wanda ya sayar masa ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Daga baya rashin tsaro ya tilasta wa iyalin barin gida na wasu makonni. Abin da kawu ya ɗaura a bayan babur akwatin katako ne guda ɗaya. A ciki akwai zarto biyu, da filen na goge katako, da cizal uku, da guduma, da sukwaya, da tef, da dutsen wasi. Da wannan akwati ya riƙa gyara ƙyaure da benci a garin da suka sauka, har Allah Ya sa suka dawo. Injin yana nan inda suka bar shi.

Matasa da dama a Isa da Sabon Birni suna kafa wurin aikin katako a zaure ko a rumfar ƙofar gida. Mafi yawansu burinsu guda ne, su mallaki inji kamar waɗanda suke gani a bidiyo a waya. Amma kafin mutum ya zuba jarinsa, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa kowane kayan aiki: me yake ci, wa zai gyara shi, ana iya wasa shi, zai ɗauku idan tafiya ta kama, kuma me zai yi wa hannu ranar da ya ƙwace?

Hanya ce ke yanke farashi

Katakon da ake aiki da shi a wannan yanki ba a nan yake fitowa ba. Afara da malaina da sauransu daga Kudu ake lodo su, su sauka wajen ’yan katako a Sakkwato ko Gusau ko Kano, sannan ƙananan motoci su ƙaraso da su. Haka faifan zarto, haka gam, haka ƙusa. Duk abin da ya sami hanya, ya sami kafinta.

A farkon watan Satumban 2021, gwamnatin Jihar Sakkwato ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta ce matafiya su bi ta Goronyo da Sabon Birni. Dokar ta kuma hana sayar da fetur a jarka. A cikin watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni. Mai janareta ya rasa inda zai sayi mai, ya kuma rasa yadda zai kira mai gyara.

Hanyar da ta rage ma ba ta tsira ba. A kanta aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, aka kashe shi a watan Agusta. Tun daga 2019 kuma dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi don neman mafaka.

Ga tsadar mai. Kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin ’yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Oktoban 2024 ɗin ne kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata manyan layukan da ke kawo wuta.

Saboda haka injin da ke mayar da kuɗinsa a Na’ibawa ko Rijiyar Lemo a Kano, inda aiki ke zuwa dare da rana kuma mai gyara ke maƙwabtaka, yana iya zama matattarar ƙura a Gatawa.

A fara da aikin

Kafin a je kasuwa, a zauna da biro da takarda a rubuta ayyuka goma na ƙarshe da aka kawo. A yawancin garuruwanmu jerin ba ya wuce ƙyaure da taga, benci da tebur, kantar shago, gyaran amalanke, ɗaurin rufin kwano, sai gado da sif da madubin amarya idan kaka ta yi aka shiga bukukuwa.

Wannan jeri shi zai nuna abin da za a saya. Mai ɗaurin rufi aikinsa yankan tu-bai-fo da tu-bai-tu ne a saman gini, don haka abin da zai ɗauka ya hau da shi yake bukata. Mai kayan ɗakin amarya da manyan falankai masu faɗi yake fama, damuwarsa miƙaƙƙen yanka ne da baki mai tsabta. Mai ƙyaure da taga kuwa cizal da filen ne rayuwarsa.

Irin icen ma yana da magana. Masassaƙan Gobir, waɗanda sana’arsu ta girmi kafinta nesa ba kusa ba, sun san cewa ƙirya ce ta turmi da taɓarya saboda taurinta, aduwa kuma ta allo. Har yau gatari da gizago suke riƙewa, kayan da maƙerin gari ke ƙerawa kuma ya yi musu bita idan sun dakushe. Ice mai tauri kamar ƙirya da marke da maɗaci yana cinye kaifin ƙarfe mai araha nan da nan. Malaina da afara suna da sauƙin kai, zarton hannu ma ya ishe su.

Akwai kuma abin da babu injin da ke gyarawa, wato ɗanyen katako. Katakon da ya taso daga Kudu da ruwansa, idan aka yi ƙyaure da shi a watan Oktoba, kafin hunturu ya wuce zai tsuke, ya buɗe baki, ya karkace. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. ’Yan makonnin da aka jira sun fi a dawo wa mutum da aiki.

Akwatin farko

Abu na farko da ya kamata kafinta ya yi wa kansa shi ne bencin aiki mai nauyi, wanda ba ya rawa, tsayinsa daidai wuyan hannun mai shi idan ya tsaya. Wanda ke yanka a ƙasa yana danne katako da ƙafa yana wahalar da bayansa, kuma yankan ba ya miƙewa.

Sai kayan awo: tef na mita 5, da sukwaya, da fensir. Sukwaya mai araha sau da yawa ƙarya take yi. Gwada ta ba wuya. A jingina ta da miƙaƙƙen bakin falanki a ja layi, a juya ta ɗaya ɓarin a sake ja a wuri guda. Idan layukan biyu sun rabu, a mayar wa mai ita. Ga babban aiki kamar ƙyaure, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, aikin ya zauna daidai.

Zarton hannu iri biyu ne a kasuwa yanzu. Akwai mai haƙora baƙaƙe ko masu shuɗi-shuɗi, waɗanda aka ƙona su suka yi tauri. Yana da kaifi sosai yana sabo, amma magagari ba ya kama shi, ranar da ya dakushe sai yarwa. Akwai kuma mai haƙora launi ɗaya da jikinsa, wanda ake wasawa da ƙaramin magagari mai kusurwa uku. Ga wanda ke nesa da kasuwa, na biyun ne abokin tafiya.

Filen na ƙarfe da kowa ya sani, mai lamba 4 ko lamba 5, tsarinsa na wani Ba’amurke ne mai suna Leonard Bailey, wanda kamfanin Stanley ya saya a 1869. Sama da shekara 150 ke nan ba a canja masa komai na kirki ba. Tsohon da aka samu wajen ’yan gwangwan, matuƙar gindinsa bai tsage ba kuma bai karkace ba, ya fi sabon da ƙarfensa ke lanƙwashewa. A ɗora miƙaƙƙiyar rula a gindinsa a ɗaga wa haske. Idan haske na wucewa da yawa, a ajiye shi.

A ƙara da cizal uku, siriri da matsakaici da mai faɗi, kamar milimita 6 da 12 da 25. Sai gudumar ƙarfe mai cire ƙusa, da gudumar ice don bugun cizal, da abin matse katako aƙalla guda huɗu. Matasa kan raina abin matsewa, alhali gam ba ya kamawa sai an matse shi, kuma katakon da aka ɗaure ba ya tsalle ya sami mutum.

Wasi kafin inji

Kawu kan ce duk yaron da bai iya wasi ba bai fara koyo ba. Wata uku na farko da na yi a zaurensa ina ɗan makaranta, dutse kawai ya ba ni.

Dutsen wasi mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi, shi ne mafi arahar kayan aiki, kuma shi ke raya sauran. Bakin cizal da na filen ana gurza shi a kan kwana mai digiri 25, sannan a ɗan ɗaga hannu zuwa 30 a gama kaifin. Bayansa kuma a kwantar da shi shimfiɗe a kan dutsen, kada a ɗaga ko kaɗan. Idan aka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya fito ta baya, kaifi ya iso, sai a share shi. A diga ɗan mai a kan dutsen don kada ya toshe.

Wanda ya kai cizal wajen mai injin wasi ya kula. Da zarar bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurin ƙarfen, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an gurje wurin gaba ɗaya. A riƙa tsoma shi a ruwa akai-akai.

Dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi haɗari, domin shi ake dannawa da ƙarfi har ya zame. Wannan magana ta shafi inji ma. Faifan da ya dakushe yana ƙona katako, yana wahalar da inji, yana ƙara shan mai.

Lissafin wuta

Kowane inji yana da ɗan allo a jikinsa da aka rubuta ƙarfin wutar da yake ja. A karanta shi kafin a tambayi farashi. Idan an ga 220 ko 230, wutar gida ce. Idan an ga 380 ko 400 ko 415, mai layi uku ne, irin na kawu. Idan kuma 110 ko 120 ne, kayan Amurka ne, da zarar an jona shi kai tsaye zai ƙone.

Injin zarto na hannu, mai faifan milimita 185, yakan ja wat 1,200 zuwa 1,400. Amma a daidai lokacin tashi yana fizgar ninki biyu ko fiye na ɗan lokaci. Ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka ba ya ba da ko wat 1,000, don haka ba zai ɗauke shi ba. Janaretan da aka rubuta wa 2.5kVA kuwa ainihin abin da yake bayarwa bai wuce wat 2,000 ba. Shi ne mafi ƙanƙantar da zai riƙe zarto, kuma inji ɗaya a lokaci ɗaya. Manyan injuna na girke sun fi haka fizga wajen tashi.

Irin wannan janareta yana shan kusan lita guda a awa idan yana ɗauke da kaya. Wanda ke barin shi a kunne awa huɗu kullum, kwana 26 a wata, ya sha sama da lita 100. A buga da farashin lita a garinku, a ga ko benci nawa za a sayar kafin a fitar da kuɗin mai kawai.

Dabarar masu wayo ita ce tara yanka. A yi duk awo, a ja duk layuka, a jera katako, sannan a tayar da janareta a yanke na kwana biyu cikin rabin awa, a kashe. Sauran aikin a ƙarasa da hannu. Idan kuma akwai tsaga mai yawa, a biya masu babban inji a kasuwar katako su tsaga su goge tun can, a ɗauko shi a shirye.

Wuta mai rauni ta fi ɗaukewar wuta kashe inji. Idan ƙwan fitila ya yi ja, inji na gurnani bai kai gudunsa ba, a kashe shi. Doguwar waya siririya ma tana rage ƙarfin wuta kafin ta isa. A nemi mai kaurin milimita 2.5, kuma a warware ta duka daga kan abin naɗi don kada ta yi zafi.

Wanne za a fara saya?

Idan akwatin hannu ya cika kuma aiki ya fara yawa, injin huda shi ne na farko, kuma mai batir ya fi dacewa da yankinmu. Yana huda, yana ɗaura sukuru, yana hawa saman rufi ba tare da jan waya ba.

Batirin bolt 18 mai lamba 4Ah yana ɗaukar wutar da ta yi daidai da cajin manyan wayoyin hannu kamar huɗu. Ke nan ƙaramar sola ta gida mai inbata, ko shagon cajin waya, za su iya cika shi. Kada rubutun 20V ya ruɗi mai saye, batir ɗaya ne da mai 18, salon talla ne kawai. Abin lura shi ne batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Duk wanda aka fara da shi, da shi za a ci gaba, don haka a zaɓi wanda ake samun batirinsa da cajarsa a Sakkwato. Zafi ne babban makashin batir. A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko a ƙarƙashin kwano, kuma kada a sa shi caji yana da zafi.

Na biyu shi ne injin zarto na hannu. Idan aka matse miƙaƙƙen katako a kan falanki ya zama jagora, injin zai bi shi ya ba da yanka kamar na babban teburi. Faifai mai haƙora 24 na tsaga ne a bin tsawon ice. Mai 40 zuwa 60 na yankan gicciye ne da falankan kayan ɗaki, don kada baki ya ɓarɓashe. A saita zurfin faifan ya leƙo kaɗan kawai ta ƙarƙashin katakon.

Na uku, ga mai kayan amarya, rawuta ce, injin da ke fitar da ado a bakin katako. Sai injin samfefa idan hali ya yi. Dukkan waɗannan huɗun suna shiga buhu guda, babur ɗaya ya ɗauke su.

Babban inji na girke ba laifi ba ne. Amma lokacinsa shi ne ranar da aiki ya fi ƙarfin ƙananan, ga tabbacin wuta, ga wurin ajiya. Ko a lokacin, kafintoci uku ko huɗu su haɗa kuɗi su girke ɗaya, kowa ya biya kuɗin yanka, ya fi mutum guda ya binne jarinsa.

A gaban mai shago

Sunaye irin su Makita da Bosch da Ingco da Total sun cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har shagunan Sakkwato, kuma manyan cikinsu suna da jabu. Suna a jikin roba ba shaida ba ce. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas, akwai dalili.

Kada a biya sai an jona an gani. A saurari ƙararsa, ta zama sumul, babu kakari. A leƙa ta ramukan iska: ɗan tartsatsi ba komai, amma idan wuta na zagaye cikin, ko ana jin ƙaurin ƙonewa, injin ya kusa mutuwa. A cire shi daga wuta a girgiza faifan da hannu, idan yana wasa gefe da gefe, boris ya tafi. A ja murfin faifan a sake shi, dole ya koma da kansa nan take.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ta safaya. Yawancin ƙananan injuna suna aiki da ’yan gawayi biyu da ake kira burushi, waɗanda ke cinyewa a hankali. Sau da yawa injin da aka ce ya mutu burushi kawai yake so. A sayi na ajiya tun ranar, a haɗa da faifai na biyu. A kuma tambayi mai naɗin waya na garinku irin injunan da yake iya gyarawa kafin a tafi kasuwa. Ƙurar hunturu da ta katako suna toshe ramukan iska, don haka a riƙa bushe su da famfon taya bayan aiki.

Yatsa ba shi da safaya

A Amurka, inda injuna ke da murfi kuma asibiti ke kusa, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa zarton teburi yana raunata mutum kusan 30,000 a shekara, kimanin 4,000 daga ciki har da yankewar yatsa. Wannan ne ya sa wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro zarton SawStop a 1999, wanda ke tsayawa cak da zarar ya taɓa fatar mutum. Mu nan ba mu da shi. Daga Isa ko Sabon Birni zuwa Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiyar sama da kilomita 100 ce, a hanyar da ba a bi da dare.

Abu biyu ne suka fi cin yatsu a wuraren aikinmu. Na farko shi ne ɗaura faifan zarto a jikin injin gurza ƙarfe na masu walda. Ƙaramin injin nan yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ninki biyu na injin zarto, kuma ba shi da gindin da zai zauna a kan katako. Da haƙori ya kama ƙulli ko ƙusa, sai ya ƙwace ya yo kan mai shi. Kada a yi, ko na minti ɗaya ne.

Na biyu shi ne teburin zarto haɗin gida, wanda ake kifa inji a ƙarƙashin falanki a ɗaure makunninsa da waya. Ba murfi, ba wurin kashewa da sauri. Idan tsagar ta matse bayan faifan, katakon kan dawo da gudu ya daki ciki, ko ya ja hannu zuwa kan haƙora. Wanda ya riga ya haɗa irinsa, ya sa maƙeri ko mai walda ya yi masa ɗan ƙarfe a tsaye a bayan faifan don ya hana tsagar rufewa. Ya sa makunni a inda gwiwa za ta kai. Ya yanki sandar turawa mai tsawon santimita 45, ya riƙa tsayawa a gefe, ba a saitin faifan ba.

Ba a aiki da inji da babbar riga ko hannun riga a sake, ko rawani mai jela. Safar hannu ma haɗari ce kusa da abin da ke juyawa. Kafin canja faifai a zare waya daga wuta, ko a cire batir. Tsohon katakon rufi kuma a bincike shi da kyau saboda ƙusa.

Idan tsautsayi ya faɗa, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai. Idan yatsa ya fita, a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a nufi asibiti da shi. Kowane kafinta ya je a yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki da ake kira tetanus.

Wurin aiki ne, kuma gida ne

Bambancin zaure da shagon kasuwa shi ne akwai yara da mata da tsofaffi a bayan bango. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a cikin hanci. Falankan garin katako da aka matse da gam, waɗanda ake yin sif da gadon zamani da su, ƙurarsu ta fi laushi kuma ta fi shiga ƙirji. A yi yanka da samfefa a waje inda iska ke kaɗawa nesa da ɗakuna, a sa takunkumi mai kama fuska sosai, a yayyafa ruwa kafin shara.

Ƙarar zarto da rawuta ta wuce abin da kunne ke jurewa na tsawon yini, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne da tabarau ba su kai kuɗin faifai guda ba.

Janareta ba ya zama a zaure ko kusa da tagar ɗaki. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari. Fetur da fenti da tina a ajiye su nesa da madafa, a kwashe tarin ƙaiƙayin katako kullum. Idan an tashi aiki, a zare kowace waya, a cire batura, a kulle masu kaifi a akwati.

Akwatin da kansa a yi shi da niyya: mai hannu biyu, mai makulli, wanda faɗinsa bai wuce mazaunin babur ba. A shafa wa ƙarafa ɗan mai lokacin damina saboda tsatsa. Kowace yamma komai ya koma cikinsa.

Da na je gaishe da kawu bayan Sallah, na tarar ya sayi injin huda mai batir, yana cajinsa a shagon wani yaron unguwa. Na ce, “Kawu, wancan na zaure fa?” Ya ce yana jiran ’yan gwangwan su yi masa tayi mai ɗan dama. Da kuɗin zai sayi injin zarto na hannu da faifai biyu, abin da ya rage kuma ya cika wa yaransa biyu da suka kusa yayewa akwatinsu.